Malamar Sa Kai a Ƙaramar Firamare ta Isan: Nazarin Zangon Farko

Tun 1962 ƙungiyar Peace Corps ta Amurka ke tura masu aikin sa kai ƙasar Tailan, shekara guda bayan Shugaba John F. Kennedy ya kafa ta. Sama da mutum 5,000 sun yi aiki a can, kuma aikin bai tsaya ba sai a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kwashe ma'aikatan ƙungiyar na wani lokaci daga ko'ina a duniya. Dattawanmu da suka yi boko a shekarun 1960 sun san irin waɗannan malamai a makarantun Najeriya, a Nijar kuwa sun kai har farkon 2011. A Tailan, ɗaya daga cikin manyan ayyukan ƙungiyar shi ne koyar da Turanci a firamarorin karkara, kuma akwai sharaɗin da aka gina aikin a kansa: baƙo ba zai riƙe aji shi kaɗai ba. Tare da malamin makarantar za su tsara darasi, tare za su shiga aji, domin in ya tafi bayan shekara biyu ya bar wani abu a hannun mai zama.

Wannan nazari ya bi zangon karatu na farko na irin wannan aiki, daga isowa ƙauye a ƙarshen Maris zuwa rufe makaranta a Oktoba. Don zancen ya yi daɗin bi, mu ƙaddara wata budurwa ce da ba ta kai talatin ba. Ta gama jami'a, an ba ta horo na kimanin mako goma a tsakiyar ƙasar, a lardi irin Sing Buri ko Suphan Buri, inda ta zauna a gidan wasu mutane tana koyon harshen Tai, sannan aka tura ta wata ƙaramar makaranta a yankin Isan. Ba ta da suna a nan, makarantar ma haka, don abin da za a bayyana hali ne da ke maimaituwa a wurare da yawa.

Makarantar da aka kai ta

Isan shi ne arewa maso gabashin Tailan, larduna 20 a kan tudun Khorat, kogin Mekong ya raba shi da Laos, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar can suke. A samun kuɗi shi ne na baya. Noman shinkafa ne sana'ar gado, amma gona ba ta riƙe gida, don haka matasa kan tafi cirani Bankok ko masana'antun gabashin ƙasar, wasu har Taiwan, Koriya ta Kudu da Isra'ila, su bar 'ya'ya a hannun kakanni. A ƙasar baki ɗaya kimanin yaro ɗaya cikin biyar ba ya zaune da uwa ko uba, a Isan kuwa abin ya zarce haka. Malamar da ta ba yaro aikin gida na Turanci tana zaton wani zai duba masa, to ta sani kaka ce a gidan. Harshen gida a yawancin Isan ɗan'uwan harshen Lao ne, a lardunan Surin, Buriram da Sisaket kuma akwai masu magana da Khmer. Ɗan aji ɗaya yana cikin fama da Tai na makaranta ne aka ɗora masa Turanci a kai.

Hukumar da ke kula da ilimin matakin farko tana da makarantu kusan 30,000, kuma kimanin rabinsu ƙanana ne, ɗalibansu ba su kai 120 ba. Haihuwa ce ta ragu: a shekarun 1970 ana haifar sama da yara miliyan ɗaya a shekara, a 2024 kuwa ko rabin miliyan ba a kai ba. Mutanen ƙauye ba sa son a rufe musu makaranta, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai ana raba malamai da kuɗi ne bisa yawan ɗalibai, alhali yawan azuzuwa ba ya raguwa. Firamare shekara shida ce, ga azuzuwan rainon yara biyu ko uku a ƙasanta. Makaranta mai yara ɗari tana da aji takwas ko tara, malamanta kuwa sau da yawa ba su kai haka ba. Su ne akawu, su ne masu sayo kaya, su ne masu lissafin abincin rana, su ne masu rubuta rahoto ga ofishin ilimi na yanki. Har zuwa Janairun 2024 malamai ne ma ke gadin makaranta da dare da ranakun hutu. Sai da aka kai wa wata malama hari tana bakin gadi a lardin Chiang Rai kafin majalisar ministoci ta ɗauke musu wannan nauyi. Ajin da ya rasa malami akan kunna masa talabijin, don tun 1995 ake watso darussa daga makarantar Wang Klai Kangwon da ke Hua Hin.

Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane da wane ido shugaban makaranta ke kallon baƙuwa. Hannu ne ya ƙaru, ba tare da albashi ya fita daga aljihun makaranta ba.

Isowa cikin hutu

Zangon farko yana farawa a tsakiyar Mayu ya ƙare a Oktoba, na biyu daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris. Ke nan malamar tamu ta iso daidai lokacin da ake kulle azuzuwa. Wata ɗaya da rabi babu aji, babu jadawali, ga Afrilu, watan da zafi kan wuce maki 40. Ƙungiyar ta hana ma'aikatanta hawa babur ko da goyo ne, sai keke da hular kwano, a ƙauyen da yaro ɗan firamare ke tuƙa babur zuwa shago. Da sassafe lasifikar mai gari za ta tashe ta da sanarwa cikin harshen da ba shi aka koya mata ba. Karnuka za su bi kekenta. Duk wanda ta gamu da shi zai tambaye ta ina za ta, ta ci abinci kuwa, kuma ba da daɗewa ba za a tambaye ta ko tana da miji, a kuma gaya mata ta yi ƙiba ko ta rame. Ba Bahaushe za a yi wa bayanin cewa wannan gaisuwa ce ba, amma Ba'amurkiya takan ɗau lokaci kafin ta daina jin kamar ana mata bincike.

Da yawa sukan ɗauki waɗannan makonni a matsayin ɓata lokaci. A ganina babu lokaci mai daraja irinsu a duk shekara biyun. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu ake bikin sabuwar shekara na Songkran: 'yan cirani sun dawo gida, ana zuba wa tsofaffi ruwa mai ƙamshi a hannu ana neman albarkarsu, matasa na watsa wa juna ruwa a titi. Iyayen ɗalibanta, waɗanda ƙila ba za ta sake gani ba sai baɗi, a wannan makon za su gan ta su yanke hukunci a kanta. A Isan akwai al'adar tarbar baƙo inda dattawa ke ɗaura masa farin zare a wuyan hannu suna masa fatan alheri. Ga jana'iza, ga ɗaurin aure, ga bikin shigar saurayi zaman sufanci a gidan ibadar Buda. Wadda ta je ta zauna a tabarma, ta sa hannu a kwandon shinkafa mai danƙo, ta taya mata yankan ganye, kafin a buɗe makaranta an san ta, an ma raɗa mata sunan Tai. Wadda ta rufe ɗaki da fanka da kwamfuta tana tsara darussan watanni biyar, za ta shiga makaranta a Mayu da tulin takardu kuma ba wanda ya san halinta.

Ranar makaranta

Kafin ƙarfe takwas yara sun share fili da azuzuwa. Ƙarfe takwas a yi layi, a ɗaga tuta da taken ƙasa, a yi addu'ar addinin Buda, malamin da ke kan aiki ya yi jawabi. A tuɓe takalma a ƙofar aji. Akwai madara kyauta, shirin da aka fara a 1992, akwai abincin rana, bayansa kowa ya ɗau buroshi ya goge haƙora. Litinin malaman gwamnati kan sa kakin ma'aikata, wasu wurare rigar rawaya, launin ranar haihuwar Sarki. Rana guda a mako yara da malamai duk cikin kayan sikawut suke, ƙungiyar da Sarki Rama na Shida ya kafa a 1911. Baƙuwa za ta koyi haɗa tafin hannu a gaisuwa da sanin wa ke fara gaida wa, ta koyi sunkuyawa in za ta gifta gaban babba, kada ta nuna abu da ƙafa, kada ta dafa kan wanda ya girme ta. Sutura a rufe kafaɗa da gwiwa. Waɗannan ba su da wuya, kuma ana yi wa baƙo uzuri a kansu. Abin da ke kayar da mutane yana wani wuri.

Ranar da abokiyar aiki ta fita daga aji

Mu ce malamar da aka haɗa ta da ita ba Turanci ta karanta a kwaleji ba, kamar yadda yake ga malaman firamare da yawa da aka damƙa wa darasin. An ba ta ne don ita ce ƙarama, ko don ita ce ta fi sauran ɗan ji. Makon farko da na biyu tana tsaye a gaban aji tare da baƙuwa. Mako na uku ta koma bayan aji da kwamfutarta tana cike takardun kuɗi. Mako na huɗu akwai taro a ofishin yanki. Kafin Yuli, baƙuwa ce ita kaɗai a gaban 'yan aji biyu, yara na zagaye ɗakin, ita kuma kalmomin Tai da ta sani ba su isa su zaunar da su ba. Ba a yi faɗa ba. Duk ranar da ta tambaya ko gobe za su zauna su tsara darasi, amsa ita ce to, da murmushi. Goben ba ta zuwa.

Dalilai uku ne suka haɗu a nan, kuma baƙuwa takan ga na farko kawai, ko ta ɗauka duk lalaci ne.

Na farko aiki ne ya yi yawa. Sa'ar da baƙuwa ta riƙe aji ita ce kaɗai sa'ar da wannan malama za ta samu ta gama rahoton da shugaba ke jira. Darajarta a wurin aiki da ƙarin girmanta sun fi rataya a kan takardu fiye da yadda 'yan aji biyu ke furta harafi.

Na biyu mutunci ne. Malami a ƙauyen Tai mutum ne mai girma, kuma girman ya ginu a kan cewa shi ne mai sani. A tsayar da ita kusa da wadda Turanci harshen uwarta ne, a gaban yaran da ke jin bambancin furuci, wannan tonon asiri ne a kullum. In baƙuwa ta taɓa gyara mata kalma a gaban aji, ko da cikin raha, ta yi ɓarnar da za a yi wata ana gyarawa. Ficewa daga aji hanya ce ta tsira da mutunci ba tare da an ce komai ba.

Na uku shi ne ba a fahimci yarjejeniyar iri ɗaya ba. Shugaban makaranta ne ya nemi a kawo baƙuwa, shi ya sa hannu, ƙila ma an sauya masa wurin aiki kafin ta iso. Malamar ba ta nema ba, an gaya mata ne kawai, kuma ƙarami ba ya ce wa babba a'a. A kan duk wannan akwai ɗabi'ar da Tai ke kira kreng jai, abin da mu za mu ce kara: kada ka ɗora wa wani nauyi, kada ka sa shi jin kunya, kada ka faɗa masa abin da ba zai so ji ba. Shi ya sa tambayar da amsarta i ko a'a ce kusan kullum i take samu.

Wanda ya yi hidimar ƙasa a makarantar ƙauye ya san rabin wannan labari: ranar da ya iso ita ce ranar da malamin darasin ya samu hutu. Bambancin shi ne ɗan hidima yana jin harshen da zai tsawata wa yara da shi, ko yana da wanda zai kai wa kuka a kusa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta karɓi ajin. Yara suna son ta, shugaba ya ji daɗi, ba rigima. Amma ta zama mai cike gurbi, kullum ana ƙara mata aji, tsawatarwa na gagararta, kuma ranar da ta tafi komai ya tafi da ita. Hanya ta biyu ita ce ta tsaya kan haƙƙinta: ta tayar da maganar a ɗakin malamai, ko ta buga waya ofishin ƙungiya a Bankok a tuna wa makarantar abin da ta sa wa hannu. A takarda za ta yi nasara. Abokiyar aikin za ta dawo aji ta tsaya a lungu hannu a naɗe, kuma daga ranar za a daina kiran baƙuwa in za a tafi cin abinci gari, a daina gaya mata abin da ke gudana. Ba wanda zai ɗaga mata murya. Wanda ya nuna fushi a fili a wannan al'umma shi ne ya zubar da girmansa, ko da shi ke da gaskiya, kuma wanda ya kai ƙarar gida waje ya daɗe bai wanke kansa ba.

Hanyar da ke aiki tana da jinkiri, kuma rabinta ba a aji take ba. Farko a raba aikin yadda kowa zai tsaya inda ya fi ƙarfi: baƙuwa ta furta, ta yi waƙa, ta jagoranci wasa, malamar gida ta yi bayani da Tai, ta riƙe tarbiyya, ta duba littattafai. Da haka ba a taɓa jin Turancinta kusa da na baƙuwa sai a jimlolin da suka riga suka gwada su biyu a ɓoye. Na biyu a rage tsawon zaman tsara darasi. Sa'a biyu bayan tashi ba za ta taɓa samuwa ba, amma minti goma sha biyar bayan abincin rana tana samuwa, musamman in kowane darasi a kan ƙashi ɗaya yake tafiya: gaisuwa, bitar jiya, sauti sabo, wasa, rubutu. Na uku baƙuwa ta ɗauki wani abu daga kayan da ke kan malamar, ko yankan takarda ne da ƙawata allon bango kafin zuwan masu duba makarantu, ko horar da yarinyar da za ta wakilci makarantar a gasar jawabin Turanci ta yanki. Kofin gasa abu ne da shugaba ke gani, kuma in aka samu, sunan malamar gida ya kamata a fara ambata. Na huɗu, wanda na fi ganin hikimarsa, baƙuwa ta roƙi abokiyar aikin ta riƙa koya mata Tai. Nan take an juya tsani: wadda take jin kunyar kuskurenta ta zama mai gyara kuskuren wata, suna dariya tare.

In duk da haka abin bai gyaru ba, akwai 'yar tsakani. Kusan kowace makaranta tana da dattijuwar malama da ta kusa ritaya, wadda kowa ke kira yaya ko uwa, wadda shugaba da kansa ke shakka. Ita ake gaya wa, a kan tabarmar abinci, ba da sigar ƙorafi ba: yara sun fi ganewa in malamarsu tana nan, ni kaɗai ba na iyawa. Magana za ta isa inda ake so ba tare da an ambaci laifin kowa ba. Shugaba kuma a je masa da neman taimako, a roƙe shi ya sa minti goma sha biyar ɗin nan a jadawali.

Shin in an bar ta ita kaɗai ta ƙi koyarwa? Wasu haka suke ba da shawara, ni ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Ranar da malama ta tafi taron dole, yaran suna nan, kuma baƙuwar da ta zauna a ofis ta bar su da talabijin don kare ƙa'ida ta nuna wa kowa cewa takarda ta fi mata yara. Abin da ya fi shi ne ta shiga, ta yi bita da wasa da karatun labari, ta ajiye sabon darasi sai sun haɗu. Da haka ba ta guje wa yara ba, kuma manhaja ba ta matsawa sai da malamar gida, abin da kowa zai lura da shi ba sai an faɗa ba.

Ƙaramin abu ɗaya da ke haukata baƙi: a shirya darasi a zo a tarar babu kowa, an tafi atisayen wasannin makaranta, ko sansanin sikawut, ko gidan ibada don shigowar watanni uku na zaman damina na sufaye a Yuli. Kowa ya sani tun jiya, don an rubuta a zauren malamai na LINE, manhajar aika saƙo ta waya, da harshen Tai. Maganinsa ta nemi a sa ta a zauren, ta kuma riƙa tambayar 'yan aji shida, waɗanda suka fi kowa sanin abin da za a yi gobe.

Abin da ke faruwa a cikin darasin

Manhajar ƙasa ta 2008 ta ware wa harshen waje sa'a 40 a shekara a aji ɗaya zuwa uku, sa'a 80 a aji huɗu zuwa shida. A 2016 aka ce a ɗaga na ƙananan azuzuwa zuwa 200, amma umarni ba ya haifar da malami. Abin da baƙuwa kan tarar shi ne yaran da ke rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, suna amsa gaisuwar safe da murya ɗaya, suna kwafe allo da rubutu mai kyau, amma ɗan aji biyar ba zai iya haɗa sautin haruffa uku ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Don haka aikin da ya fi amfani a zangon farko shi ne koyar da sautin haruffa, ko da littafin ajin ya yi gaba da nisa. Harshen Tai yana da baƙaƙe 44 da karin sauti biyar, ana rubuta shi ba tazara tsakanin kalmomi, kuma sautuka kaɗan ne ke iya rufe gaɓa a cikinsa. Shi ya sa yaro kan haɗiye ƙarshen kalmar Turanci, ko ya mayar da "l" ta ƙarshe "n". Ba taurin kai ba ne, kuma wasa da maimaici sun fi gyara shi fiye da tsawa. Yaro ba ya son a tsayar da shi shi kaɗai ya yi kuskure a gaban 'yan'uwansa. A sa su biyu-biyu ko ƙungiya-ƙungiya sai baki ya buɗe.

A zango na biyu za a janye 'yan aji shida don shirin jarrabawar ƙasa ta O-NET, inda matsakaicin makin Turanci ya saba tsayawa ƙasa da rabi. Kusan ba a maimaita aji, don haka barazanar faɗuwa ba ta tsorata kowa. Dokar ma'aikatar ilimi ta hana duka, amma baƙuwa za ta iya ganin ana yi. Wannan yana cikin abubuwan da ba ta da iko a kansu a watannin farko, sai dai ta nuna a nata darasin cewa aji na zama lafiya ba da sanda ba, in kuwa abin ya kai ga cutarwa ta sanar da ƙungiyarta.

Wata Alhamis a watan Yuni ake bikin girmama malamai. Yara kan zo da tire da aka ƙawata da furanni, cikinsu har da furen yalo, da ciyawar kiri-kiri, da wani fure mai tsini kamar allura, su rarrafo a gwiwa su sunkuya a gaban malaman da ke zaune a jere. Za a zaunar da baƙuwa a layin, ko da wata ɗaya kacal ta yi tana koyarwa. Nan take gane cewa kujerar da aka ba ta tana da nauyi, kuma abin da take yi a kasuwa ranar Asabar ma na malama ne.

Abinci, addini, fata da doka

Abincin rana na malamai tare ake ci, kwanuka a tsakiya, kuma nan ake yanke yawancin shawarwari. Abincin Isan shinkafa ce mai danƙo, da kwaɗon ɗanyar gwanda mai barkono da tsimammen kifi, da gasasshen kaza, da naman alade a cikin abubuwa da dama. Musulmi ba su wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari na ƙasar ba, kuma yawancinsu a kudu suke, a Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, sai Bankok. Musulmin da aka kai ƙauyen Isan sai ya faɗi abin da ba ya ci tun ranar farko, a fili kuma da fara'a. Ana girmama hani in na addini ne. Kuskuren shi ne ya janye daga tabarmar. Ya zo da nasa, ko ya ci kifi da ƙwai da ganye, amma ya zauna. Lokacin addu'ar safe tsayuwa shiru cikin ladabi ta wadatar.

Mutanen ƙauye da yawa in an ce malamin Turanci daga waje, farar fata suke jira. Farin jiki abin so ne a tallace-tallacen ƙasar, kuma baƙar fata, ko Ba'amurke mai asalin Asiya, yakan sha tambayar daga ina yake na ainihi. A kasuwar malamai masu albashi ma haka abin yake: 'yan Filifin suna da yawa ƙwarai a makarantun Tailan, kuma sananne ne ana biyansu ƙasa da Turawa. A ƙauye yawanci rashin sabo ne, yara su taɓa gashi su shafa hannu, kuma yakan ragu in an saba. Amma ba daidai ba ne a ce wa mai shirin tafiya babu shi.

Batun sarauta ba a wasa da shi. Sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 kan ɓatanci ga Sarki, Sarauniya, magajin sarauta ko mai riƙon ƙwarya, kuma bai ware baƙo ba, bai ware abin da aka rubuta a Facebook ba. Peace Corps 'yan Amurka kaɗai take ɗauka, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar gwamnatoci ne ma'aikatanta ke zama suna aiki. Wanda zai je ta wata hanya ya sani cewa a dokar Tailan aikin da ba a biya ma aiki ne: yana buƙatar bizar da ta dace da takardar izinin aiki, ya riƙa kai rahoton adireshinsa ga hukumar shige da fice duk kwana 90, mai masaukinsa kuma ya sanar da zuwansa cikin sa'a 24. Koyarwa da bizar yawon buɗe ido laifi ne, ko da dillalin da ya karɓi kuɗinka ya ce ba komai.

Inda aka kwana a Oktoba

In abubuwa sun tafi daidai, abin da za a iya nunawa a ƙarshen zangon farko ba shi da yawa. Abokiyar aiki tana aji a yawancin darussa, tana jagorantar bita da kanta. 'Yan aji uku suna karanta gajerun kalmomi. Akwai akwatin katunan haruffa da wasanni da malamar gida ta san yadda ake amfani da su. Baƙuwa tana jin abin da ake faɗa a tabarmar abinci, tana sanin ranar da ba za a yi darasi ba. Makin jarrabawa bai motsa ba, kuma ba a sa ran ya motsa cikin wata biyar.

Haɗarin da ya rage ba a hannun kowa a makarantar yake ba. Matasan malamai da aka tura ƙananan makarantun karkara sukan nemi a mayar da su garinsu ko babbar makaranta da zarar sun cika wa'adin da doka ta ɗora musu, shugabanni ma ana sauya su. Malamar da aka yi wata biyar ana gina amana da ita za ta iya samun takardar sauyi a hutun Oktoba, a buɗe makaranta a Nuwamba da sabuwar fuska, ko ba kowa. Don haka ne masu lura kan nemi a haɗa su da malamai biyu tun farko, ɗaya matashiya ɗaya 'yar garin da ta riga ta kafa gida, su kuma rubuta tsarin darussan da Tai da Turanci a ajiye a ofishin makaranta.